Ƙanin Matata a Filin Kokawa

Ni ke riƙe da filin kokawar samarin Nahuce a shekarun da Nasara suke shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Gusau. Ba sarauta ba ce, babu wanda ya naɗa mini rawani. Tsohon da ya koya mana ne gwiwoyinsa suka gaza, ya koma zaman gindin bango, sai samari suka riƙa zuwa wurina saboda na girme su, kuma na yi yawon kokawa har Bungudu da Gusau da ƙauyukan Tsafe. Filin namu masussuka ce a bayan gari. Da damina ba ma waiwayarsa, kowa na gona. Sai gero ya fitar da kai muke share shi, mu ɗebo rairayi daga rafi mu zuba, mu fara motsa jiki da la'asar kafin kaka ta yi a buga gangar gasa.

A irin wannan lokaci ne ƙanin matata ya zo daga Kucheri. Mahaifinsu ya rasu, 'yan ubansa sun raba gona, abin da aka bar masa bai kai a tsaya a kansa ba. Uwar 'ya'yana ta roƙe ni ya zo ya zauna da mu ya taya ni aiki. Ban so ba, amma ban ga ta inda zan ƙi ba.

Saurayi ne dogo, mai faɗin ƙirji, damtsensa kamar taɓarya. A gona babu abin kushewa gare shi, kunyar da zai yi kafin azahar ni sai in wuni ban yi ta ba. Amma ba ya fira, ba ya dariya. Ko a zaune yake kafaɗunsa a ɗage suke kusa da kunnuwa, kamar wanda ke jiran a kai masa duka ta baya. Ya sha fasa wa yayarsa ƙwarya wajen karɓar fura kawai, don bai san riƙo a hankali ba.

Wata la'asar ya bi ni fili ya tsaya daga gefe yana kallo. Muna komawa gida ya ce, "Yaya, ni ma zan shiga."

Na ce, "Ka taɓa yi?"

"A Kucheri ba su bari na. Sun ce girman banza gare ni."

"To mi kake nema a ciki?"

Ya ce, "In koma in kada su."

Washegari na sa ya ɗaura warki, na ce mu kama in ji jikinsa. Tun daga wannan kamu na san na jawo wa kaina aiki. Hannuna na sauka a ƙeyarsa, jikinsa duka ya sandare kamar kututture. Ya daina numfashi. Jijiyoyin wuyansa suka tashi, idonsa ya kaɗa, yatsunsa suka nutse a damtsena har sai da suka bar shaida. Ɗan kokawa da jikinsa yake sauraren abokin karawa, ya ji inda nauyinsa ya karkata, ya bi shi. Shi kuwa ba ya jin komai. In ka ɗan motsa, sai ya fizga da dukan ƙarfinsa, ko ta ina ne, bai san inda zai kai ka ba, bai san inda shi kansa zai faɗa ba.

Na ce, "Saki jikinka."

Ya ce, ta tsakanin haƙora, "A sake nake."

"Yi numfashi."

"Ina yi."

Ba ya yi. Na tura shi baya kaɗan na janye, ya tafi gaba ɗaya kamar an sare itace. Ya tashi yana kallon samari ɗaya bayan ɗaya don ya ga wanda ya yi dariya.

A filin koyo ba gasa ake ba. In ka ɗaga abokinka, kai ne za ka sauke shi lafiya, domin gobe da shi za ka sake kamawa, kuma jibi yana da gonar ubansa. Na faɗa masa wannan a fili, na faɗa masa a hanya, na faɗa masa a bakin akushi. Ya kan ce to. Amma duk wanda na haɗa shi da shi sai ya fito da wani abu. Ya fasa wa wani leɓe da goshi. Ya murɗe wa wani yatsa. Ya matse wani har ya yi amai a gefen fili. Bai taɓa ce wa ɗayansu sannu ba. In na yi magana sai ya ce, "Ai shi ya motsa."

Ba a daɗe ba samari suka fara gudunsa. Da ya taka tsakiyar fili, sai wannan ya tuna ƙaya ta soke shi, wancan ya tafi ban ruwan akuya. Na gwada dabaru iri-iri. Na sa shi jidar rairayi daga rafi kafin a fara, ko gajiya za ta sassauta shi. Na sa ya riƙa amsa mini tambaya yana cikin kamu, don dole ya buɗe baki ya shaƙi iska. Na hana shi kayarwa, na ce kamu kawai da tafiya. Duk ya ɗauke su wulaƙanci. Ya gaya wa yayarsa wai na mai da shi jaki a gaban mutane, wai ina tsoron ya fi ni ne.

Akwai ɗan maƙwabcina, siririn saurayi mai fara'a, wanda ya fi kowa iya ƙafa a cikin yarana. Ubansa ya tsufa, shi kaɗai ne namiji mai ƙarfi a gidansu. Ganin kowa ya ƙi, wata rana ya ce, "Baba, bari in kama da shi. Ni na san yadda zan zame." Na yarda, na kuma maimaita sharaɗi da ƙarfi kowa na ji: kamu da tafiya, babu kaye.

Suka kama, suka fara zagaye. Ina tsaye dab da su ina cewa a hankali. Wani daga gefe ya yi wata magana aka yi dariya, ba ma a kansu ba. Ɗan maƙwabcina ya miƙa ƙafa bisa sabo, kamar mai shirin taɗiya, ba da niyyar komai ba. Kafin in buɗe baki ƙanin matata ya ƙanƙame shi, ya juya, suka tafi ƙasa tare, hannun yaron a ƙarƙashi, duk nauyin nan a kansa. Ƙarar da muka ji kamar an karya busasshen kara. Yaron ya yi ihu. Shi kuwa bai saki ba. Yana kwance a kansa, ido rufe, yana ƙara matsewa. Na kira shi, bai ji ba. Sai da na danna babban yatsana a ƙarƙashin muƙamuƙinsa sannan hannunsa ya buɗe.

Ya tashi yana haki, ya dubi yaron da ke birgima, ya dube ni, ya ce, "Shi ya fara."

Na ce, "Fita daga filin nan."

Muka ɗauki yaron zuwa gidan mai ɗori. Damtse ne ya karye. Muka danne shi, mai ɗori ya ja, ya jera kara ya ɗaure. Maƙwabcina ya zo da sandarsa ya tsaya a bakin zaure, bai shiga ba. Mutum ne da muka yi shekaru muna cin tuwo tare a ƙofar gida. Ya jira har na fito, sannan ya ce, "Gero ya nuna. Wa zai yanke mini? Kai, ko wanga sa da ka kawo muna gari?"

Na ce, "Ka yi haƙuri, Baba."

"Haƙuri ba ya ɗaura dami. Kai ka san halinsa, ka kuma ba shi ɗana."

Dattawan unguwa suka zauna, suka yanke cewa ƙanin matata zai girbe gonar maƙwabcina kafin ya taɓa tamu. Ya yi. Ya yanke geron, ya ɗaura, ya kai bakin rumbu, fuska a murtuke, ruwan gidan ma bai sha ba. Kullum yana wuce zauren da yaron ke zaune da hannu a rataye, bai taɓa juyawa ba. Wannan ya fi karayar ci wa mutane rai. Mata suka daina aiko 'ya'yansu ɗibar wuta a gidana.

A cikin gida ma babu daɗi. Na ce zan mai da shi Kucheri. Uwar 'ya'yana ta ce, "Wurin wa? Wurin waɗanda suka cinye masa gona? Malam, maraya ne, kowa ya tsane shi, kai ma ka tsane shi, yana gani a idonka." Ban musa ba, domin gaskiya ta faɗa. Na ce to zai zauna, amma shi da kokawa har abada. Shi kuwa yana jin mu daga bayan danga, ya ɗaga murya ya ce in na hana shi nan, akwai fili a Bungudu, kuma ƙafarsa ta san hanya.

Na je wurin tsohon da ya koya mini, na same shi yana tufkar igiya. Na zayyana masa komai. Ya ajiye igiyar ya ce, "In ka kore shi, wani fili zai tafi inda ba a san shi ba. Can zai karya wuyan ɗan wani, su kuma su kashe shi. Nan aƙalla ka san abin da kake riƙe da shi."

Na ce, "Babu mai sake kamawa da shi, Baba."

Ya ce, "Kai fa? Hannunka ya mutu?"

Haka na koma na kira shi, na ce daga yau ba shi da abokin kamu sai ni, kuma ba a masussuka ba, a cikin rairayin rafi, inda babu mai kallo. In ya taɓa wani yaro ko da wasa, zan ɗaure masa kayansa da kaina. Ya ce ya ji.

Samari ba su gamsu ba. Wata ranar kasuwa na zo fili na tarar da baƙo zaune a tsakiyarsu, wani mahauci daga Bungudu, gajere mai kaurin wuya. Na san shi. Ya yi suna wajen ɗaga mutum ya dasa shi da ka, kuma ba ya zuwa gaisuwa haka kawai. An riga an aika yaro ya kira ƙanin matata, wai baƙo na son ya gwada shi, ga shi nan tafe yana ɗaura warki.

Na tsaya a gabansu na ce, "Wa ya gayyato shi?"

Babban abokin yaron da aka karya ya miƙe ya ce, "Mu ne."

"Don ya karya shi."

"To shi wa ya tausaya wa? Ka je ka dubi hannun ɗan uwanmu. Don ƙanin matarka ne shi ya sa kake tare masa."

Na ce, "A filin nan ba a rama karaya da karaya. Wanda bai yarda ba, ga hanya."

Na juya wurin mahaucin na gaishe shi, na sa aka kawo masa fura, na ce yau ba mu da wasa, ya gai da mutanen Bungudu. Ya sha, ya yi murmushi, ya ce ai shi ma wucewa yake. Abokin yaron ya tofar da yawu kusa da ƙafata ya tafi, wasu suka bi shi. Tun daga ranar fili ya rage, waɗanda suka tafi ba su dawo ba sai wata shekara. Na juya na ga ƙanin matata tsaye yana huci. Ban sa ran godiya ba, amma ban zaci abin da ya faɗa ba.

Ya ce, "Da ka bar ni da shi. Kai kullum sai ka nuna wa mutane ni ba komai ba ne."

Na ce, "Da na bar ka, da yanzu a kan ƙyaure ake ɗauke da kai."

Muka shiga zaman rafi. Ban taɓa yin aikin da na ƙi jini kamarsa ba. Muna sauka cikin rairayi ba gaisuwa, mu kama. Abin da na gano shi ne tsoron faɗuwa ke sandarar da shi. Ba ciwon yake tsoro ba, a gan shi a ƙasa ne ba ya iya ɗauka. Don haka na ce sai ya koyi faɗuwa kafin komai. Ya ce shi ba faɗuwa ya zo koyo ba. Na ce to zan koya masa ko yana so ko ba ya so. Kada mai sandararren jiki ba wuya, sai ka bar shi ya turo ka kauce masa. Na riƙa kada shi, ya tashi, in sake. Rairayi ya cika masa baki da kunne. Wani lokaci yana tashi sai in ga hawaye na fushi a idonsa, ya share da bayan hannu ya sake rugowa.

Ni ma na sha a hannunsa. Ya taɓa kama ni a ƙugu ya matse har wani abu ya yi ƙara a haƙarƙarina, na daɗe in zan yi tari sai na dafe. Ya gurɗe mini babban yatsa. Goshinsa ya fasa mini gira. In na shiga gida da jini, uwar 'ya'yana ta ɗora ruwan zafi ta gasa mini, ba ta tambayar komai, ni ma ba na faɗa. Shi da ni muna cin tuwo a akushi ɗaya, ba mai kallon wani.

Sai da gajiya ta cinye shi sosai nake samun abin da nake nema. In ya kai inda hannunsa ba ya iya matsewa, sai kafaɗun su sauka, numfashi ya riƙa fita da kansa, in ji jikinsa ya fara bin nawa. A nan nake cewa, "Ka ji? Haka ake." Amma a hankali abin ya riƙa zuwa da wuri, ba sai ya galabaita ba. Ya koyi faɗuwa a gefe ba tare da ya tokare da hannu ba. Wata la'asar na tura shi, ya ji ni, ya kauce, ya sa ƙafa, na tafi ƙasa, kuma ya sake ni tun ina hanya. Kaye ne mai kyau, wanda ko a gaban taro ba zan ji kunyarsa ba. Na ce masa ya yi daidai. Ya juya baya yana karkaɗe warkinsa.

Da aka gama ɗaurin dawa, labari ya zo za a yi gasa a Tsafe. Ƙanin matata ya ce zai je. Na san dalili, Kucheri na kusa, 'yan ubansa za su zo kallo. Na so in hana, amma na ga in na bar shi a gida zai bi bayanmu ya shiga ba da sanina ba. Na ce zai je bisa sharaɗi ɗaya: in na ce ya fito, ya fito, ko a wane hali yake. Ya ce to. Na sa ya maimaita a gaban yayarsa.

Muka tafi da ƙafa, ni da shi da samarin da suka rage mini. Muka ratsa Gusau, muka ga leburori birjik suna haƙa da jidar ƙasa inda jirgi zai bi. Ya tsaya yana kallonsu har sai da na kira shi. A Tsafe an share fili a gindin duwatsu, jama'a ta kewaye, makaɗa sun zauna gefe guda, kowane gari da inda ya yi sansani.

Kamunsa na farko da wani ƙato ne mai nauyi irin nasa. Ina bakin fili ina kallon kafaɗunsa. Sun ɗan tashi, amma yana numfashi. Suka daɗe suna zagaye, ya samu ƙafa ya kada mutumin, ya kuma sake shi. Samarinmu suka yi sowa, har waɗanda ba sa masa magana.

Sai mutanen Kucheri suka gane shi. Na ji wani ya ɗaga murya yana cewa, "Kai, ashe girman banza ne! Wa ya koya wa rumbu tafiya?" Aka bushe da dariya. 'Yan ubansa ne, suna zaune gaba-gaba. Suka tura wani yaronsu cikin fili, siriri mai sauri, ya zo ya tsaya gabansa yana rawa yana nuna shi da yatsa. Makaɗinsu ya ɗauka, yana zuga yaron yana yi wa namu habaici. Na matsa na ce masa, "Bar wannan. Ka yi naka, ya isa." Bai ko dube ni ba, ya shiga.

Tun kafin su kama na ga kafaɗun sun koma kunne. Suka kama. Yaron ya riƙa zamewa yana taɓa masa ƙafa yana janyewa, jama'a na dariya. Bakinsa ya rufe, wuyansa ya kumbura, idonsa ya tsaya wuri ɗaya. Yaron ya sunkuya zai kai hannu ga gwiwa, shi kuwa ya cafke kansa ya cusa a hammata, ya kulle da ɗaya hannun, ya fara karkata baya. Na san abin da ke biye. In ya zauna da wannan nauyi, wuyan yaron ne a ƙasa.

Na yi ihu, "Fito!" Ko ya ji ko bai ji ba, ban sani ba, kiɗa ya cika wurin. Na ruga cikin fili. Na rungume shi ta baya na tare faɗuwar da ƙirjina, na cusa yatsa a muƙamuƙinsa kamar yadda na taɓa yi, na ɓamɓare hannun. Yaron ya zame ya faɗi zaune yana tari.

Kiɗa ya tsaya. Wanda bai san kokawa ba ba zai gane girman abin da na yi ba. Shiga tsakanin masu kamu a gaban taro, kai da kake ɓangaren ɗaya, daidai yake da ka ce naka ya gaza ka zo cetonsa. Wurin ya ruɗe. Wasu na zagi, wasu na watso ƙasa. Mutanen Kucheri suka tashi suna tsalle suna cewa Nahuce ta gudu, an zo an ɗauke jariri. Masu kula da fili suka ce kaye na yaron ne. Yaron da kansa, yana murza wuya, ya ɗaga hannu yana kirari wai dama saura kaɗan ya kada shi.

Ƙanin matata ya juyo. Ya ture ni da hannu biyu har na ja da baya. Ya ɗaga dunƙulen hannu, na tsaya ina kallonsa, ban kare ba. Hannun ya daɗe a sama. Sannan ya sauke, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "A gabansu! A gabansu ka yi mini haka! Kai ba yayana ba ne. Allah ya isa tsakanina da kai."

Na ce, "Da ka kashe shi."

"Ina ruwanka?"

Ya kwance warkin, wanda nawa ne na ba shi aro, ya jefar a ƙasa, ya ɗauki rigarsa ya ratsa taro ya fita.

Samarina ma ba su tsaya mini ba. Sun ce na zubar da mutuncin gari, sun ce da na bari ya gama da yaron ko bakin mutanen Kucheri ya mutu. Cikinsu akwai waɗanda a gida suke neman a karya shi, su ne kuma a Tsafe suke jin haushin na hana shi karya wani. A ranar babu wanda ya sake shiga fili a cikinmu. Na san abin da na gani a hammatarsa, kuma ko yau aka mai da ni wurin, shiga zan yi. Amma babu mutum ɗaya a taron nan da ya ce mini na kyauta.

A hanyar dawowa yana can gaba da mu, ba ya bari mu cim masa. Da muka iso Gusau ya saki hanya ya nufi wajen leburori. Na aika saurayi ɗaya ya kira shi, ya dawo ya ce ƙanin matata ya ce a gaya wa yayarsa ta yafe masa, shi ya samu wurin zama.

Ni na kai wa uwar 'ya'yana labari. Tana tankaɗe, ta saurara har na gama, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ka tafi da shi, ka dawo ba shi." Na sake bayyana mata yadda wuyan yaron yake. Ta ce ita ba ta san wannan yaro ba, ƙaninta ta sani. Har aka yi shuka ba ta yi mini wata magana da ta wuce ta abinci da ta yara ba. Maƙwabcina ya ji abin da ya faru, amma bai koma cin tuwo da ni ba. Hannun ɗansa ya warke da ɗan karkata, ya ci gaba da noma, kokawa kuwa bai sake ba.

Ƙanin matata ya zauna a Sabon Garin Gusau. Da aikin hanya ya ƙare ya koma dako, ya yi aure, ya haihu. Yakan zo Nahuce in an yi suna ko rasuwa, ya shiga ya gai da yayarsa, ya gai da dattawan da ke zaure ɗaya bayan ɗaya, in ya zo kaina ya tsallake. Na tambayi masu zuwa Gusau ko yana shiga fili, suka ce ko kallo ba ya zuwa.

Ganina da shi na ƙarshe, na kai auduga Gusau ne a kan jaki. Na tsaya a layi har aka zo kaina, sai ga shi cikin masu saukewa, ya yi furfura a gemu. Ya kwance igiyar, ya ɗaga buhun ya aza a ka, ya kai ciki, ya dawo ya ɗauki na biyun. Da ya fito na ce, "Sannu da aiki." Ya dubi mutumin da ke bayana ya ce, "Matso da naka." Na naɗe igiyata, na kora jakina na ba su wuri.